Hannun da Ban Miƙa Ba

Ni mutumin noman rani ne, haifaffen wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, inda kanal yake ratsa gonaki ya kawo mana ruwan Tiga har bakin fangali. A wajenmu ba a ganin mutum yana fama da abu a tsaya kallo. Idan bututun ban ruwan maƙwabcinka ya ƙi ja, kafin ya ɗago kai ka riga ka tsallako gonarsa. Idan kwandon tumatir ya gagari mai ɗauka, ba sai ya ce a kama masa ba, hannu kawai zai gani a gefe. Da wannan tarbiyya na tashi, kuma ita ce ta kusa ɓata wa wani bawan Allah abin da ya sa ransa a kai, a wata ƙasa da ko sunanta ban taɓa kawowa a zuciyata ba.

Wanda ya koya min haka mahaifina ne. Baba ko mai tallan gishiri ne ya zauna a zaurensa ya sha ruwa, sai ya raka shi har bakin titi, yana riƙe masa da kaya. Shi ya sa abin da ya yi min ranar da zan bar gida ya tsaya min a rai. Tumatir ya ruɓe mana a kwanduna a kasuwar Kwanar Gafan rani bayan rani, na ce zan tafi nema, bai hana ni ba. Amma da ranar ta zo, "Allah ya tsare" kawai ya ce, ya saɓi fartanya ya fita tun ban gama ɗaure jaka ba. Da ɗan acaɓa ya bi da ni ta gaɓar kanal, na hango shi a gona ya sunkuya yana jera bututu, ya ba hanya baya. Na sa aka rage gudu. Na san ya ji ƙarar babur ɗin, domin babu kowa a hanyar sai mu. Bai juyo ba. Na ji haushi ƙwarai, kuma da wannan haushi na ƙetare Sahara.

Agadas ce zangon farko da na san na bar gida. A can na haɗu da wani mai farar riga da tasbaha, Hausarsa ta Kano zalla, yana kiran kansa Alhaji. Jin harshen gida ya sa na saki jiki da shi. Ya kwashe ni da wasu matafiya ya kai mu Tamanrasat, ya zuba mu a wani gida maras rufi, ya ce zai je ya nemo mota. Har yau yana nemo ta. Na yi watanni ina dakon bulo a garin kafin na tara abin da zai kai ni gaba. A Maroko kuwa a daji muka zauna, cikin bukkokin leda, muna hangen teku daga kan tudu. Akwai wata tsohuwa a ƙauyen da ke ƙasanmu, ba ta jin yarenmu, ba ma jin nata. Idan ta gasa gurasa sai ta ajiye guda a kan katanga ta shige gida, don kada mu ji kunyar ɗauka. Ban san sunanta ba, amma har yau tana cikin addu'ata.

Ƙetare teku shi ne abin da ba na son faɗa, amma labarin ba zai tsaya ba in na tsallake shi. A jirgin katako aka loda mu, mun cika shi har babu wurin miƙe ƙafa. Kusa da ni akwai wani mutumin Mali, Mamadu, mai yawan dariya, wanda muka raba gorar ruwa ɗaya da shi. Da hantsi ƙafarsa ta sage, ya miƙe don ya ɗan motsa ta, igiyar ruwa ta bugi jirgin, Mamadu ya faɗa teku. Na miƙa hannu, saura kamu ɗaya yatsuna su kai ga rigarsa. Mai tuƙi ya ƙi juyawa, ya ce in ya juya duka za mu kife. Ni da na tashi ina iyo a kanal, a ranar na san ban san ruwa ba. Da ƙafata ta taɓa ƙasa na yi wa kaina alkawari biyu: ba zan sake hawa jirgin ruwa ba, kuma ba zan sake yin jinkirin miƙa hannu ba.

A kudancin Sifen sai ga ni a cikin gonakin rumfar leda. Saboda tumatir na gudo daga gida, na sha Sahara, na sha teku, na zo na tarar da tumatir yana jirana. Da takardun wani nake aiki, kuma mai takardun ne yake fara sa hannu a ladana kafin ya iso gare ni. Wata rana zafi ya ishe ni a cikin rumfar, ina tsinka ina zagin tumatir ɗin da Hausa, sai na ji murya daga layin baya.

"Kai Bakano, mi tumatir ya yi maka haka?"

Isuhu ke nan, mutumin Maraɗi, ya girme ni da kaɗan, yana jin Faransanci. Rungume shi na yi kamar mun fito ciki ɗaya. Shi ne ya ce min wannan wuri kabari ne mai rufin leda, ya san wani ɗan garinsu da yake wankin jirage a bakin tekun Faransa, mu haura can. Na ce masa ni da jirgi sai dai hange. Ya ce wankin a tudu ake yi, bayan an ɗaga jirgin an ɗora a kan ƙarafa. Na yarda.

Garin ƙarami ne, sanyi da yayyafi ba sa ɗauke masa. Aikinmu kankare gansakuka da ƙananan katantanwa daga cikin jirage, mu goge, mu shafa fenti. Da hannu da baki na tsinci Faransancin da zai ishe ni a aike ni in dawo. Ranar Juma'a nakan kira wani shagon waya a Kura, inda Inna da Baba suke zuwa su jira. Da Inna mukan daɗe, ta ba ni labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu, da yadda ciyawar kacala ta toshe kanal aka yi gayyar yashe ta. Idan ta miƙa wa Baba, sai in gaishe shi, in tambayi gona, in ce ya mayar mata da wayar. Shi kuwa sai ya mayar.

A filin wankin jiragen nan na fara ganin mutumin. Bature ne da ya ba arba'in baya, gajere, furfura ta fara masa. Jirginsa shi ne mafi ƙanƙanta a wurin, tsawonsa bai wuce zauren Baba ba. Ba inji ke tafiyar da irinsa ba. Doguwar sanda ce a tsakiya, ana ɗaga manyan ƙyallaye a jikinta da igiyoyi, iska ta buga su ta tura jirgin. Na gan shi a durƙushe yana fama da wani ƙulli, igiyar tana zame masa, sai na lura hannunsa na dama babu yatsu biyu. Ban yi wani tunani ba. Na ajiye bokitina, na karɓi igiyar, na ɗaure masa tam, na miƙa masa ina murmushi. Ya dube ni, ya yi godiya, sa'an nan a gaban idona ya kwance ƙullin, ya sake farawa da kansa.

Na koma wurin Isuhu raina a ɓace, na ce yau na ga wulaƙanci. Isuhu ya yi dariya ya ce ba wulaƙanci ba ne, shiri mutumin yake yi. Akwai gasar da ake yi a irin waɗannan ƙananan jirage, daga nan har ƙasar Barazil, a ƙetare babban teku gaba ɗaya, makonni ana tafiya. Kowane jirgi mutum ɗaya ne a ciki. Ba waya, ba abokin hira. Kuma daga lokacin da alƙalan gasa suka busa ƙaho har ka isa, ba a yarda hannun kowa ya taɓa ka ko jirginka ba. Ko igiya wani ya miƙo maka, an cire ka.

Na ce, "Shi wannan wa ya kore shi daga gida?"

Isuhu ya ce, "Babu. Sha'awa ce."

Na daɗe ina juya maganar. Mu mun cika jirgi muna roƙon Allah ya fitar da mu daga ruwa, ga wani da gidansa da takardunsa yana neman ya shiga shi kaɗai. A raina na ce wannan ƙoshi ne ya yi masa yawa.

Bayan kwanaki shi da kansa ya zo ya neme ni. Erwan sunansa, amma bakina ya ƙi, sai na mayar da shi Rilwanu, shi kuma ya amsa. Ya ce ya ga yadda nake goge cikin jirgi, yana son in riƙa taya shi idan na tashi daga aiki. Amma da sharaɗi. Guga, fenti, ɗaukar kaya, duk nawa ne. Duk abin da zai iya lalacewa a tsakiyar teku kuwa, shi zai yi da hannunsa, ni in tsaya in kalla. Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Ban taɓa yin aikin da ya wahalar da ni kamarsa ba.

Shirin wannan tafiya ya fi shirin aikin Hajji tsanani. Komai sai an ɗora a sikeli, domin nauyi yana rage wa jirgi gudu. Har mariƙin buroshin haƙorinsa ya yanke ya rage rabi. Abincinsa busasshe ne a leda, sai an zuba ruwan zafi ya kumbura, na ɗanɗana sau ɗaya na ce masa ko akuyar Inna ba za ta ci wannan ba. Yana koya wa kansa barcin ɗan lokaci, ya kwanta tsaka da rana a kan ƙyallen jirgi, agogo ya kaɗa ya zabura, domin a teku wanda ya yi dogon barci babban jirgi na iya bi ta kansa. Wata rana masu duba jirage suka zo, aka kwantar da jirgin a gefensa cikin ruwa har sandar ta taɓa ruwa, aka saki, don a ga ko zai miƙe da kansa. Ya miƙe. Ni ina kan gaɓa ina kallo.

A hankali na san shi. Mai gasa burodi ne a da, injin kwaɓa fulawa ne ya cinye masa yatsun. Sauran yatsun kuma sun fara sandarewa, likita ya ce masa kowace shekara sai sun ƙara. Idan bai tafi a wannan karon ba, hannun ba zai jira shi zuwa na gaba ba. Yayarsa, Madam Anik, wadda take riƙe da gidan burodin, ba ta son tafiyar ko kaɗan, amma ita take kawo mana burodi mai zafi. Ita ta ba ni rigar sanyin mijinta da ya rasu. Shi kuwa Rilwanu, ganin ina neman lungu in yi salla a kan kwali, ya share min kusurwa a rumfar kayansa, ya ɗauko na'urar jirgi mai nuna gabas da yamma, ya auna min alƙibla ya ja layi da fenti a ƙasa. Tun da na bar Kano ba wanda ya yi min irin wannan.

Rikicinmu a kan sandar nan ya faru. Dole ya iya hawa ƙololuwarta shi kaɗai, da igiya da maɗauri a ƙugu, domin in wani abu ya maƙale a sama ba wanda zai ja shi. Ina tsaye a ƙasa ina kallo, ya kai wajen rabi, sai hannun ya saki, ya zamo. Maɗaurin zai tare shi, na san da haka, ya nuna min. Amma kafin sanin ya iso kaina na riga na cafke igiyar na tokare. Ya sauko fuskarsa ta yi ja.

"Sabi'u, a tsakiyar teku kana ina?"

Na ce, "Da na bar ka ka faɗo?"

"Da na san ko maɗaurin yana riƙe ni. Yanzu ban sani ba. Sai na sake hawa, kuma hannun ya gaji."

Na ajiye masa igiyarsa na tafi, na yi kwanaki ban leƙa ba. Ranar da ya zo nemana da tsakar rana, da burodi a hammata, muka zauna a kan wani akwati. Da ɗan guntun Faransancina na ba shi labarin Mamadu, wanda ko Isuhu ban taɓa ba. Bai katse ni ba. Da na gama ya daɗe yana kallon hannunsa, sa'an nan ya ce ya gane, ba zai ce in daina jin abin da nake ji ba. Amma shi abin da yake roƙo a wurina ya fi kamawa wuya, kuma bai san wani da zai roƙa ba. Na koma aiki washegari. Daga ranar, idan yana fama da abu, sai in zura hannuwana cikin aljihun rigar sanyin, in damƙe yadin daga ciki.

Kafin a karɓi mutum a gasar sai ya yi tafiyar gwaji mai nisa shi kaɗai ya dawo. Ya tafi, na yi kwanaki ina fita bakin gaɓa da azahar ina leƙen ruwa. Ya dawo leɓɓansa sun tsage, idanunsa sun faɗa, yana magana yana gyangyaɗi. An karɓe shi. A ranar na daina cewa ƙoshi ne.

Da ranar tashi ta matso, azumi ya kama. Na je shagon wani Balarabe na sayo dabino, na ƙulla a leda na kai masa. Na ce a wajenmu ba a barin matafiyi ya tafi babu guzuri. Mutumin da ya yanke buroshin haƙori ya ɗaga ƙullin yana jin nauyinsa a tafin hannu, ya dubi sikeli, ya dube ni, sai ya jefa shi cikin jirgi bai auna ba. Na ƙara da cewa a wajenmu kuma ana raka matafiyi. Madam Anik za ta bi shi da ƙaramin kwalekwalen roba mai inji har inda za a busa ƙaho, na ce da ni za a je.

Isuhu ya ja ni gefe. "Kai da ka rantse ba ka sake shiga ruwa? Kuma ka san hannunka. Wallahi in ka taɓa jirgin nan bayan ƙaho, ka kashe mutumin nan da ransa."

Na ce, "Ni an bar ni na tafi ba rakiya, na san ɗacinsa. Ba zan yi wa wani haka ba."

Ranar tashi, tun da hantsi gaɓa ta cika da jama'a. Na shiga kwalekwalen da Bismillah, na zauna a tsakiya na riƙe igiyar gefe, ban kalli ruwa ba. Muka ja jirgin Rilwanu zuwa fili, cikin ɗimbin jirage irinsa, kowanne da mutum ɗaya. Kafin ƙaho an yarda a taɓa. Na riƙe gefen jirginsa, na karanta masa addu'ar matafiyi, shi bai san abin da nake cewa ba amma ya cire hularsa. Yayarsa ta sumbaci goshinsa. Na saki. Ba a jima ba aka busa ƙahon, daga wani babban kwalekwale da alƙalai suke ciki da madubin hangen nesa a wuya.

Jirage suka fara juyawa suna neman layin tashi. Rilwanu ya ja ƙyallensa na gaba, sai iska ta fizge wata igiya daga hannun nan nasa, ta faɗa ruwa, ta bi ta ƙarƙashin jirgin. A bayan irin wannan jirgi akwai faifai biyu da suke cikin ruwa, su ne sitiyarinsa. Igiyar ta naɗe ɗaya daga ciki ta ɗaure. Jirgin ya ƙi juyawa. Ƙyallayen suka hau kaɗawa da ƙara, ruwa ya fara jan sa a hankali zuwa wajen wasu duwatsu da suke gefen mashigar. Sauran jirage suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya.

Ya kwanta rub da ciki a bayan jirgin, ya zura kai da kafaɗa ƙasa, yana lalube. Daga inda yake ba ya ganin ƙullin. Ni ina ganinsa sarai, domin igiyar ruwa ta turo kwalekwalenmu har dab da shi. Naɗi biyu ne kawai. Irin wanda nake warware wa bututu a gona ba tare da na duba ba. Duk lokacin da ruwa ya ɗaga jirgin ya sauke, faifan yana matse masa hannu, na ga ruwan wajen ya fara yin ja. Madam Anik tana kiran sunansa tana kuka. Ban san lokacin da na saki igiyar gefe na rarrafa bakin kwalekwalen ba. Sai ganin hannuna na yi a miƙe a kan ruwa, tazarar da ta rage ba ta fi kamu ɗaya ba. Daidai wannan tazara ce ta raba ni da rigar Mamadu.

Rilwanu ya ɗago kai, ruwa yana zuba daga gashinsa. Bai yi tsawa ba. Ya dubi hannuna, ya dubi idona, ya ce, "Sabi'u." Shi ke nan abin da ya ce.

Na janye hannun. Na zauna a kansa, na danne shi da cinyata. Amma idona yana kan ƙullin, kuma na ji jikina yana sake tashi da kansa. Na tabbata in na ci gaba da kallo, ko alƙalai suna gani ko ba sa gani, sai na kama. Abu ɗaya ya rage min. Na juya gaba ɗaya, na ba shi baya, na fuskanci gari.

Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Ina jin kaɗawar ƙyalle, ina jin nishinsa, ina jin ruwa yana dukan duwatsu, kowane sauti yana cewa in juyo. Na kafa idona a kan wata hasumiya a cikin gari ina salati, hawaye yana zuba, ga azumi ya busar min da maƙogwaro. A cikin wannan hali ne, ba tare da na neme shi ba, na ga gonarmu. Na ga mutum a sunkuye yana jera bututun da ya riga ya jera, babur yana rage gudu a bayansa.

Sai kaɗawar ta tsaya. Na ji ƙyallen ya cika da iska da wani sauti mai nauyi. Madam Anik ta dafa kafaɗata ta ce, "Ya kwance. Ya tafi." Da na juyo har ya yi nisa, shi ne na ƙarshe a bayan kowa, ya naɗe hannun da tsumma, ya ɗaga mana shi sama. Alƙalan suka wuce ta gefenmu, ɗayansu ya dube ni ya sauke madubinsa, suka yi gaba abinsu. Bayan makonni labari ya zo cewa ya isa Barazil, cikin na baya-baya, amma ya isa, kuma ba hannun kowa a tafiyarsa. Wannan daga baya ne.

A Juma'ar makon da ya tashi na kira shagon waya na Kura. Inna ta ɗauka ta fara ba ni labarin shinkafa, na ce ta yi haƙuri ta ba ni Baba. Ta miƙa masa tana mamaki, domin ban taɓa neman sa da kaina ba. Na gaishe shi, ya amsa, na tambayi gona, ya ce alhamdulillahi. Na ji yana shirin mayar mata da wayar kamar kullum.

Na ce, "Baba, kada ka ba ta tukuna. Ranar da na tafi, ka ji babur ɗin?"

Ina jin hayaniyar titi a bayansa, da ƙarar injin casar shinkafa.

"Na ji," ya ce. "Na ji kun rage gudu."

"Ba ka juyo ba."

"Sabi'u, ai da na juyo, da na sauke ka daga kan babur ɗin nan. Kai kuma ka riga ka ce za ka tafi." Ya yi gyaran murya. "Ruwan ma ba namu ba ne a ranar. Busasshen bututu na yi ta jerawa har na daina jin ku."

Na jingina da bangon rumfar wayar. Shi kuwa, a karon farko tun da na bar gida bai miƙa wa Inna ba. Muka zauna a haka, yana riƙe da nasa kan, ina riƙe da nawa, har katin wayar ya ƙare.